Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Bayani Kan Aron Fuska a Zaman Rukuni na Masu Juna Biyu

A wannan fitowa za mu yi bayani kan wani abu da na'urar awon jini ba ta gano shi, kuma ba ya fitowa a hoton ciki, amma yakan hana mace komawa awo, ko ya sa ta ɓoye wa likita ainihin abin da ke damunta. Abin ya fi bayyana idan aka tara mata wuri ɗaya domin su tattauna lafiyarsu. Tunda ana ƙara amfani da tsarin zaman rukuni a Jihar Kaduna, ya kamata matan da ke zuwa Shika daga Gubuci da Maƙarfi da Ikara da Kudan, da waɗanda ke awo a asibitocin garuruwansu, su san shi tun kafin ya same su.

Mene ne zaman rukuni?

Zaman rukuni shi ne a haɗa mutane kaɗan masu matsala iri ɗaya, su riƙa haɗuwa a ranar da aka tsayar, ƙarƙashin jagorancin ma'aikacin lafiya da aka horar. Ya bambanta da laccar da ake yi wa mata a kan benci kafin a fara awo, inda malama ɗaya ke magana saura na saurare. A zaman rukuni ana zama ne a zagaye, kowa na ganin fuskar kowa, kuma waɗanda kika gani yau su za ki sake gani a zama na gaba.

Wannan hanya ta daɗe. A shekarar 1905 wani likita mai suna Joseph Pratt ya fara tara masu tarin fuka a birnin Boston na Amurka yana koya masu yadda za su kula da kansu, sai ya lura suna ƙarfafa wa juna gwiwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, likitocin ƙwaƙwalwa irin su S. H. Foulkes sun yi amfani da ita wajen jinyar sojoji a asibitin Northfield da ke Birmingham a Ingila. A nan Nijeriya kuwa, a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda mara lafiya ke zama a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa yana zuwa asibiti karɓar magani, domin ya fahimci cewa zama cikin mutane na daga cikin abin da ke warkarwa.

Mai ciki na iya haɗuwa da rukuni iri biyu. Na farko shi ne awon ciki na rukuni. Wata ungozomar asibiti mai suna Sharon Rising ce ta fara shi a Amurka a farkon shekarun 1990, inda akan haɗa mata 8 zuwa 12 waɗanda cikinsu ya zo kusan wata ɗaya, a auna su, sannan a zauna a tattauna. An gwada tsarin a Jihar Nasarawa, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa matan rukuni sun fi yawan zuwa awo, sun kuma fi haihuwa a asibiti. Daga baya jihohin Kaduna da Kano sun ɗauke shi a ƙananan asibitoci da dama.

Na biyu shi ne rukunin maganin ciwon damuwa, wanda ake yi da magana. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan ƙasar Yuganda, aka buga a 2003, ya nuna cewa zaman mako-mako na tsawon mako 16, maza daban mata daban, ya rage ciwon damuwa ƙwarai. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora na irin wannan zama, mai zama 8.

Mene ne aron fuska?

Masu iya magana kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsumman bai yi masa komai ba. Tsoron da maciji ya bar masa ne ya ɗora wa tsumma. To haka zuciya take yi da mutane. Tun muna yara muke koyon yadda ake zama da jama'a daga wurin waɗanda suka rene mu. Yarinyar da ta tashi a hannun mai yawan faɗa takan koyi cewa babba in ya buɗe baki tsawa ce za ta biyo. Wadda ta tashi ana fifita 'yan'uwanta a kanta takan koyi cewa duk inda aka taru ita ce za a manta. Wannan darasi ba ya gogewa don an girma. Idan mace ta haɗu da wani sabon mutum mai murya, ko shekaru, ko matsayi irin na wancan na da, sai tsohon tsoro, ko tsohuwar ƙauna, ko tsohon haushi ya taso, ta ɗora masa ba tare da ta san ta yi ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa na kiran wannan da Turanci tiransifarans, wato ƙaurar da abin da ake ji game da wani zuwa kan wani. A nan za mu kira shi aron fuska, domin mutum kan aro fuskar wani na baya ya liƙa wa na gabansa. Sigmund Freud, likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, shi ne ya fara bayaninsa a 1895, ya ƙara faɗaɗa shi a 1912. Da farko ya ɗauke shi a matsayin abin da ke hana magani tafiya. Daga baya ya gane cewa ta nan ne ake ganin tsohon ciwon a fili, har a san yadda za a taimaka.

A lura da kyau, aron fuska ba taɓin hankali ba ne, kuma ba shafar aljanu ba ce. Kowa na yin sa, namiji da mace, malami da jahili, har da likita. Yakan zama matsala ne kawai idan ya yi ƙarfin da ya hana mutum ganin wanda ke gabansa yadda yake.

Me ya sa ya fi fitowa a rukuni?

Idan ke da likita ne kaɗai a ɗaki, fuska ɗaya ce a gabanki. A rukuni kuwa fuskoki goma ne, kowace da irin muryarta da irin kallonta. Farfesa Irvin Yalom na Jami'ar Stanford, a littafinsa kan maganin rukuni da ya fara fitowa a 1970, ya bayyana cewa rukuni kan yi kama da gidan da mutum ya tashi: jagora ta tsaya a matsayin uwa ko uba, sauran kuma su zama kamar 'yan'uwa masu neman kulawarta. Don haka mutum kan koma yin irin halin da ya saba yi a gida. Mai yin shiru a gida za ta yi shiru, mai ɗaukar nauyin kowa za ta fara ɗauka, mai jiran a zarge ta za ta fara kare kanta tun ba a ce komai ba.

A ƙasar Hausa wannan magana ta fi faɗi, domin gidanmu babba ne. Mace kan tashi tsakanin uwa da kishiyar uwa da gwaggo da kaka, wata kuma a ba da ita riƙo tun tana ƙarama. In ta yi aure ta tarar da uwar miji da ƙannen miji da facaloli, wataƙila da abokiyar zama. Kowace daga cikin waɗannan ta bar mata wani abu a zuciya, mai daɗi ko mai ɗaci. Ranar da ta shiga zagayen mata a asibiti, da dukkansu take shiga.

Lokacin ciki kuma lokaci ne da zuciya ke da taushi. Jiki na canzawa, barci na raguwa, ga fargabar naƙuda. Mace na shirin zama uwa, don haka tunanin yadda aka rene ta kan dawo mata. Wadda ta taɓa yin ɓari, ko ta rasa jariri, takan shigo da wannan raɗaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 kan sami matsalar da ta shafi tunani, musamman ciwon damuwa, lokacin ciki ko bayan haihuwa.

Fuskokin da aka fi arowa

Jagora a matsayin uwa. Wata mace, musamman wadda ta rasa mahaifiya da wuri, takan ji jagorar rukuni ta kwanta mata a rai tun ranar farko. Wannan na da amfani, domin yakan sa ta riƙa zuwa a kan lokaci. Amma in ya yi yawa sai ta fara ɓoye abin da take ganin zai ɓata wa jagora rai. A tambaye ta ko tana shan maganin ƙarin jini ta ce tana sha, alhali ta ajiye shi saboda yana tayar mata da zuciya. Ranar da aka canza wa jagora wurin aiki kuma sai ta ji kamar an sake yi mata maraici, ta daina zuwa.

Jagora ko wata dattijuwa a matsayin suruka. A ce wata amarya ce mai cikin fari daga Gubuci, wadda ke zaune da uwar miji mai yawan gyara. Malamar asibiti ta ce mata, "Me ya sa ba ki zo watan jiya ba?" Tambaya ce kawai don a cike kati, amma ita abin da ta ji shi ne zargi. Ta sunkuyar da kai, ta ƙulle bakinta, ciwon kan da ta kwana uku tana fama da shi bai fito ba. Ga kuma kunyar cikin fari da al'ada ta ɗora mata, wadda dama ke hana yarinya maganar ciki a gaban manya.

'Yar rukuni a matsayin kishiya. Wata na iya jin haushin wata mace a rukunin tun ba su taɓa gaisawa ba. In an yaba wa waccan sai ta ji kamar ita aka kushe. In jagora ta daɗe tana sauraron waccan sai ta ce ana son kai. Sau da yawa in aka bincika, za a tarar waccan na da wani abu na abokiyar zamanta, ko na 'yar uban da aka fifita a kanta suna yara.

Likita namiji a matsayin uba ko miji. Wadda ta saba ba a tambayar ra'ayinta a gida takan ce "to" ga duk abin da likita ya faɗa, ko da ba ta gane ba. Ta fito ba ta san sau nawa za ta sha magani ba, kuma ba ta iya komawa ta tambaya ba.

Rukunin gaba ɗaya a matsayin tsakar gida. Wata takan ji kowa ita yake kallo, kuma da ta fita za a yi da ita, ko da babu wanda ya nuna alamar haka.

Ina haɗarin yake?

Haɗarin shi ne yanke awo da ɓoye ciwo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, na farko cikin mako 12 na farkon ciki. Dalili kuwa shi ne wasu cututtukan ba sa yin sallama. Hawan jinin masu ciki na iya hawa mace ba ta ji komai ba, sai an auna ake ganewa, kuma in an bar shi yana iya kaiwa ga jijjiga, wadda ke kashe uwa da ɗa. Ƙarancin jini ma haka yake shiga a hankali, sai ranar haihuwa a ga illarsa.

Mun san akwai dalilai na zahiri da ke hana zuwa asibiti: kuɗin mota, nisan hanya, da aikin gida, musamman lokacin yankan rake da dafa mazarƙwaila ko ɗibar tumatir, sa'ad da mata ke girki wa ma'aikatan gona. Amma wani lokaci mace kan kawo ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin uzuri, alhali abin da ke zuciyarta shi ne ba ta son sake haɗa ido da wata. Ita kanta ba lallai ta san haka ba. Abin da kawai ta sani shi ne duk ranar awo sai ta ji jikinta ya yi nauyi.

Yadda za ki gane shi

Ga wasu tambayoyi da za ki yi wa kanki idan wata a rukuni ta tsaya miki a rai:

1. Abin da nake ji ya yi daidai da abin da aka yi mini, ko ya fi shi girma nesa ba kusa ba?
2. Na fara jin haka ne bayan na san ta, ko tun ganin farko?
3. Wa take tuna mini? Muryarta, tafiyarta ko kallonta irin na wane ne?
4. Na taɓa jin irin wannan a wani wuri, game da wata daban?
5. Sauran matan haka suke ganinta, ko ni kaɗai ce?

Idan abin ya zo da sauri, ya fi ƙarfin dalilinsa, kuma kin san ɗanɗanonsa tun da, to da alama akwai aron fuska a ciki.

Yadda ake mayar da shi magani

Abin da ya sa masana suka damu da aron fuska shi ne, a rukuni ana iya kama shi yana faruwa. A gida in kin ji tsoron suruka ba mai tsayawa ya tambaye ki dalili. A rukunin magani kuwa jagora na lura, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Tana iya cewa cikin taushi, "Ƙanwata, na ga duk lokacin da Hajiya ta yi magana sai ki yi shiru. Ko akwai wadda take tuna miki?" Wataƙila amsar ta zama, "Wallahi Sista, muryarta sak ta uwar mijina." Ita kuma dattijuwar ta ce, "Ayya 'yata, ni tausayinki nake ji, don ni ma haka na yi cikin fari ba mai tambayata."

A nan abubuwa biyu sun faru. Na farko, matar ta raba fuskar da ta aro da mutumin da ke gabanta. Na biyu, ta yi magana a gaban babba, kuma tsawar da take jira ba ta zo ba. Idan haka ya maimaitu mako bayan mako, zuciya kan koyi sabon darasi. Daga nan sai ta iya gaya wa likita ciwonta, ta iya tambayar abin da ba ta gane ba, har ma ta sami hanyar yi wa surukarta ta gaske bayani cikin ladabi.

Ba kowane rukuni ne ke tona wannan magana ba. A rukunin da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam ke jagoranta na tsawon lokaci, akan tsaya a duba abin da ke faruwa tsakanin 'yan rukuni. A gajeren rukunin maganin damuwa an fi mayar da hankali kan abin da ke faruwa a rayuwar mace yanzu, kamar rashin wani, saɓani a gida, sauyin rayuwa ko kaɗaici. A awon ciki na rukuni kuwa aikin ungozoma shi ne lafiyar ciki. Ba za ta tone miki tarihi ba, amma in ta lura kin janye tana iya jan ki gefe ku yi magana, ko ta tura ki wurin wanda ya dace.

Duk irin rukunin da kika shiga, sharaɗinsa na farko shi ne riƙe sirri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da aka faɗa a zagaye ba a kai shi gidan biki ko bakin rijiya, musamman a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Ba a kuma tilasta wa kowa faɗin abin da ba ta shirya faɗa ba.

Ma'aikacin lafiya ma mutum ne

Jagora ma tana da uwa da suruka da 'ya'ya, don haka ita ma tana iya aron fuska. Tana iya ganin 'yarta a jikin wata yarinya ta riƙa lallaɓa ta fiye da kima, ko ta ga wata da ta taɓa ɓata mata rai a jikin wata ta riƙa gajarta mata magana. Freud ya yi maganar wannan tun 1910. Shi ya sa ake koya wa masu jagorancin rukuni su riƙa lura da zuciyarsu, su kuma riƙa tattauna aikinsu da na gaba da su.

Wannan ya kawo mu ga wata magana mai muhimmanci. Ba duk ɓacin rai ne aron fuska ba. Idan wani ma'aikaci ya zage ki, ko ya yi miki tsawa, ko ya tona miki asiri, wannan laifi ne na gaske, kuma kina da haƙƙin kai ƙara wurin shugabar sashe. Kada wani ya fake da wannan bayani ya ce ai zuciyarki ce kawai. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da sirrin duk mai neman magani. Abin da muke roƙo shi ne, ko laifin na gaske ne ko na aro, kada ki hukunta kanki da abin da ke cikinki ta hanyar daina zuwa. Ki nemi a haɗa ki da wata ma'aikaciya ko wani rukuni.

Shawara ga maigida da iyaye

Maigida, idan iyalinka ta ce ba za ta koma awo ba, kada ka tsaya ga cewa taurin kai ne, kada kuma ka yi murnar an rage maka kuɗin mota. Ka tambaye ta a keɓe, cikin natsuwa, abin da ya faru. Ka ba ta izini da kuɗin hanya tun daren ranar, in da hali ka raka ta. Kada ka matsa mata sai ta faɗa maka abin da wasu mata suka faɗa a rukuni, domin amana ce.

Iyayenmu surukai da kakanni, ku ne kuka riga su ganin haihuwa, kuma maganarku na da nauyi. Yarinyar da ake tambaya "Yaya jikin, 'yata?" a gida takan iya buɗe baki a asibiti. Idan ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a tabbatar ta tafi da katinta, ta ci gaba da awo a asibiti mafi kusa, ko a Maƙarfi ne ko Ikara ko Hunƙuyi.

Alamomin da ba a jira da su

A garzaya asibiti ko da tsakar dare ne idan mai ciki ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko jijjiga, ko zazzaɓi mai zafi, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko motsin ɗa ya ragu.

Ta fuskar tunani kuma, yawan kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da mata da yawa ke yi, kuma yakan wuce cikin mako 2. Amma idan baƙin ciki ya wuce mako 2, mace ta daina jin daɗin komai, ba ta barci ko da jariri ya yi barci, ba ta cin abinci, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, to wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Akwai wasu tambayoyi 10 da aka tsara a Edinburgh a 1987 waɗanda ma'aikatan lafiya ke amfani da su wajen gano shi cikin 'yan mintoci.

Idan kuwa mai jego ta fara sambatu, ko jin muryoyin da ba kowa, ko ta rikice ba ta gane mutane, ko ta yi maganar kashe kanta ko cutar da jariri, wannan na gaggawa ne. Yakan sami mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a makonni biyun farko, wani lokaci tun kafin suna. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kada a ɗaure ta ko a doke ta, kada kuma a jira arba'in. A yi mata addu'a a kan hanyar zuwa asibiti. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Da magani mafi yawan mata kan warke su ci gaba da renon 'ya'yansu.

'Yar'uwa, idan aka gayyace ki zaman rukuni ki amsa, ki kuma daure ki je zama uku ko huɗu kafin ki yanke hukunci a kan kowa. In wata ta tsaya miki a rai, ki faɗa wa jagora bayan an tashi. In kin ga kujerar wata ba kowa sau biyu a jere, ki sanar da malamar asibiti, ko ki leƙa ta idan maƙwabciyarki ce, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za a haifa, amin.